Tocilar Dabo da Gwiwar Ba Kaumi

Ko zan rantse muku har maƙogwarona ya bushe, na san ba za ku yarda ba cewa ni Dabo na taɓa zama likita a Potiskum, kwana tara cur, har mutane suna cire takalmi kafin su shigo rumfata. To ku tambayi duk wanda ya yi wayo a unguwarmu Yerimaram shekara biyar bayan samun mulkin kai. Idan ya fashe da dariya kafin ya ba ku amsa, ku sani hassada ce.

Karatuna a aji shida ya tsaya. Ba korata aka yi ba, kada wani ya ruɗe ku. Hedimasta ne ya kira ni ofis ranar da ya tsinci kwaɗo a aljihun rigarsa, ya ce makarantar nan ta yi mana kaɗan, dole ɗayanmu ya tafi. Na duba na ga shi mai iyali ne, sai na bar masa.

Daga nan Gwaggo Ummuhani, ƙanwar babana da nake zaune a hannunta, ta roƙa mini aikin shara a asibiti. Kwana goma sha ɗaya na yi. A rana ta takwas ina sharar ɗakin likita, wani Ba'indiye mai tabarau, aka shigo da direban lori mai ƙululu a gefen gwiwa. Likita ya latsa, ya murza, ya sa shi ya miƙe ƙafa ya lanƙwasa. Sannan ya ce a rufe tagogi. Ya ɗauko tocila ya manna bakinta a jikin ƙululun. Jama'a, sai abin nan ya kama, ja jawur, kamar an hura garwashi a cikin ƙafar mutum. Likita ya yi Turancinsa, malamin asibiti mai suna Mallam Kashim ya fassara: in haske ya ratsa, ruwa ne ya taru a ciki, ba abin tsoro ba ne, in bai ratsa ba, sai an ƙara bincike.

Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jinjina kai. Mutumin nan ya yi shekara bakwai yana karatu a ƙasarsu, ya ƙetaro teku, ashe duk ilimin a cikin tocila yake. Kwana uku bayan haka aka sallame ni, don kawai an same ni cikin farar rigar likita ina sauraron ƙirjin akuyar mai gadi da abin nan da suke sawa a kunne. Ban damu ba. Na riga na kwashe abin da na zo kwasa.

Tocila akwai ta marigayi babana, mai batir uku. Duhu kuwa na samo shi a ɗakin Gwaggo, wani baƙin bargo da ba ta taɓawa cikin bazara. Saura farar riga. Na kai wa Ba Kaumi buhun fulawa biyu ya ɗinka mini. Shi ne maɗinkin unguwarmu, dattijon Babarbare, shi ya sa ake ce masa Ba, wato Baba, mai keken ɗinki na taka-da-ƙafa guda ɗaya da ya ciyar da gidansa da shi shekara ashirin. Riga ta yi kyau, illa dai rubutun buhun ya ƙi fita. Masu karatu suka ce a bayana an rubuta cewa a ajiye ni a busasshen wuri.

Na kafa rumfa a bakin kasuwa, jikin teburin Gana mahauci, na rataya allo: LIKITAN GWIWA. ANA LEƘA CIKIN ƘAFA BA YANKA.

Gana ya karanta da ƙyar, yana wasa wuƙa. "Dabo, jiya shara, yau likita. Jibi kuma sai gwamna?"

"Ba Gana, ai ni da kai sana'armu ɗaya, ƙafa muke dubawa. Bambancin kawai nawa suna tashi su koma gida."

Yadda nake aikin shi ne, mara lafiya ya zauna a kan turmi, ni in tsuguna a gabansa, mu lulluɓa da bargo, rana tsaka, zafin Potiskum yana soya ƙwai a kan kwano. In manna tocila a gwiwa. Fata ta yi ja. In yi gyaran murya in ce, "Ruwa ne." Magani, man shanu da hutu. Wanda sanyin ƙashi ke damunsa, ruwa ne. Wanda jaki ya harba, ruwa ne. Wani tsoho ya tsaya tambayar hanyar tasha, na duba shi, shi ma ruwa ne. Kowa ya fito daga bargon nan sharkaf da gumi, iska ta buge shi, sai ya ji wasai, ya ce lalle cutar ta fita.

A kwana na biyar wani Bafulatani ya jawo bijiminsa daga kasuwar shanu, gwiwarsa ta gaba a kumbure, yana ɗingishi.

Gana ya ce, "Wannan nawa ne, ya yi ɓatan hanya."

Na ce likita ba ya zaɓen mara lafiya. Na yafa wa bijimi bargo, na kutsa kai ciki, na kunna tocila. Ashe daidai idonsa na kunna. Abin da na sani kawai shi ne na ga sama, sannan na ga ƙasa. Bijimi ya ratsa masu tattasai da bargon Gwaggo a ƙaho kamar tuta, sai a tasha aka tare shi. Na ɗauka kashina ya bushe. Sai ga mai shi ya dawo yana haki, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce sati uku bijimin nan bai taka da kyau ba, yau ga shi ya tsere wa keke. Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Dogo Nini cewa ko dabba na taɓa sai ta warke.

Labarin nan ne ya kawo mini Ba Kaumi.

Ya zo da hantsi ranar Litinin, yana waige-waige kamar wanda ya saci kaza. Saura kwana goma sha biyu babbar sallah, rabin unguwa sun kai masa ɗinki. Ya zauna kan turmi ya naɗe wando. A gefen gwiwarsa ta hagu akwai ƙululu kamar ƙwan zabo, sumul.

"In na daɗe ina taka keke sai ya cika ya yi tauri," in ji shi. "In na huta kwana biyu sai ya ɗan saki. Dabo, kada Yakaka ya ji na zo nan."

Yakaka matarsa ce. Hausar Ba Kaumi ba ta san mace ba, kowa a wurinsa namiji ne.

"Me ya hana ka asibiti, Ba Kaumi?"

"Maƙwabcina ya je da ƙafa biyu, ya dawo da ɗaya."

"Ai shi mota ce ta taka shi."

"Ni dai na ƙirga da ya tafi, na ƙirga da ya dawo."

Muka shiga bargo. Na kunna tocila, sai na ga haskenta ya yi rawaya kamar idon mai shawara. Na manna a ƙululu. Shiru. Na girgiza ta, na bubbuga ta a tafin hannu, na sake mannawa. Baƙi ƙirin. Tunda na buɗe rumfa ban taɓa ganin haka ba. Da wani likitan ne, da ya ruɗe. Ni kuwa nan take na gane: cutar ce ta yi ƙarfi har tana shanye haske.

Na yaye bargo, na sauke ajiyar zuciya, na kalli ƙasa yadda na ga Ba'indiyen nan yana yi.

"Ba Kaumi, kai musulmi ne, ka san ƙaddara."

"Faɗa mini."

"Haske bai ratsa ba. Ba ma ƙin ratsawa ba, abin tsotse shi yake yi. Irin wannan in ka kai asibiti, zarto za su ɗauko."

Ban faɗa don mugunta ba. So nake ya san da babban likita yake magana. Ya kalli gwiwar, ya sauke wando, ya miƙe ya tafi, yana ɗingishin da bai zo da shi ba.

Washegari da sassafe ina share rumfa sai na ga inuwa ta rufe ni. Ya Yakaka ce, hannu a ƙugu.

"Kai ne likitan?"

"Ni ne, Ya Yakaka. Wace gwiwar ce?"

"Taka, in ba ka buɗe kunne ba. Me ka gaya wa mijina? Tun jiya bai ci ba bai sha ba. Ya kira Auta dillali, gobe Laraba bayan azahar zai zo ya ɗauke keken. Wai mai ƙafa ɗaya ba ya ɗinki, gara ya sayar ya sayi jaki. Yadin mutane kuma ya ce a mayar musu. Keken nan shi ne tuwonmu, shi ne miyarmu."

"Ya Yakaka, ilimi ne ya nuna."

"Ilimin wa? Kai da na sani kana yawo ba wando kana satar gyaɗata a kan tabarma?"

"Ai shi ma likitan asibiti an taɓa goya shi."

Gana ya sa baki. "Shi dai ba a cikin buhun fulawa aka goya shi ba."

Gaskiya ban zaci zancen zai kai ga keke ba. Hanya mai sauƙi ita ce in ce ban tabbata ba, a je asibiti. Amma mutane sun fara taruwa, kuma likitan da ya warkar da bijimi ba ya cewa bai tabbata ba. Sai na tuna wata hira da na ji a wurin masu wanki a asibiti, cewa Turawan dā in irin ƙululun nan ya fito, ƙaton littafi suke samu su maka masa, ya fashe ta ciki, shi ke nan.

Na ce, "Ki koma ki ce masa kada ya sallama keke. Gobe kafin azahar zan yi masa aiki a nan, a gaban kowa. Ba wuƙa, ba allura, ba jini."

"Da me?"

"Da littafi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Wannan ne karo na farko da za a gan ka da shi."

Littafi kam ina da shi, wani ƙamus na Turanci mai nauyin tubali, wanda na manta ban mayar wa makaranta ba saboda gaggawar rabuwarmu da hedimasta.

Laraba ranar kasuwa ce, gari ya cika ya batse. Kafin hantsi ya ɗaga, gaban rumfata ba masaka tsinke. Masu goro sun bar farantansu, 'yan dako sun hau kan buhuna. Aka kawo Ba Kaumi a bayan keken hawa, an riƙe shi ta kowane gefe, shi da ya zo da ƙafarsa shekaranjiya. Ya Yakaka ban gan ta ba, na ɗauka kunya ce ta hana ta zuwa.

Na yi jawabi. Na ɗaga ƙamus na zagaya da shi, na ce kalma dubu arba'in ke ciki, kowace da nauyinta, kuma duk a kan cuta ɗaya za su sauka. Wani ya ce a karanto musu ɗaya. Na ce ba a karanta magani, sha ake yi.

Ba Kaumi ya zauna kan turmi, ya naɗe wando duka ƙafafu biyu saboda zafi. Muka lulluɓa. Na danna tocila. Ko rawayar ma yau babu.

"Dabo, ban ga komai ba," in ji shi a cikin duhu.

"Aikin yau na duhu ne. Wace ƙafar ce ma?"

"Hagu."

Hagu dai na san ta, ko a makaranta ita ce hannun da ake duka na. Na lalubi gwiwar da ke hagu da ni, na ji ƙashi mai tudu, na ce yawwa. Abin da ban lissafa ba shi ne fuskantar juna muke. Na ɗaga ƙamus da hannu biyu iya inda bargo ya ba ni dama, na yi bisimilla, na sauke.

Ban san ƙafar dattijo tana da irin wannan saurin ba. Kafin ƙarar dukan ta gama fita, ƙafar ta miƙe da kanta ta same ni a haɓa. Na yi baya da bargo a kaina, na daki ginshiƙin rumfa, rumfa ta kwanta a kan teburin Gana, tebur ya tuntsure. Da na yaye bargo, kayan cikin saniya ne a wuyana kamar carbi, Ba Kaumi kuma yana birgima a ƙasa riƙe da gwiwar dama, yana faɗin wasu kalmomin Barbarci da tsofaffin wurin suka ƙi fassarawa.

Na miƙe na ɗaga hannu. "Jama'a, an yi nasara. Wannan ihun cutar ce take fita."

"Ta wace ƙafar?"

Muryar na san ta. Mallam Kashim ne, malamin asibiti, Ya Yakaka a bayansa. Ashe shi ta tafi ɗaukowa, kuma bai yi gardama ba, don shi ma rigarsa ta sallah tana cikin tarin ɗinkin.

Ya tsuguna ya duba ta dama, wadda ta fara tasowa kamar ƙullin ƙosai a mai. Ya koma ta hagu, inda ƙululu ke zaune lafiya lau, ko ƙura bai ji ba. Ya latsa shi a hankali, ya tura shi gefe, ya tambayi tun yaushe, ko yana zafi, ko yana raguwa in an huta, ko akwai zazzaɓi ko rama. Ba Kaumi yana amsawa yana nishi.

"Ba ni tocilar."

Na miƙa. Ya danna, ya kalle ta, ya kalle ni. Ya kwance gindinta ya zazzago batir. Duk sun yi tsatsa, ɗaya har ya yi gishiri a baki.

"Da wannan ka duba shi?"

"Sababbi ne, Mallam. Cutar ce ta tsotse su."

Daidai nan kiɗa ya ratso taron. Gwaggo Ummuhani ce ta zo cefane, 'yar rediyonta a hannu, wadda ba ta rabuwa da ita ko bayan gida za ta. Ta leƙo ta ga batiran a tafin Mallam Kashim.

"A'a, ga nawa nan. Dabo, ba su yi maka ba ne? Ranar Lahadi nawa suka mutu ana tsakiyar gaishe-gaishe, sai na ari naka na sa maka waɗannan. Amma fa sai da na shanya su a rana wuni guda, kamar yadda ake yi."

Rediyo dai tana ta kiɗanta. Daga nan wani ɗan dako ya faɗo daga kan buhu don dariya.

Mallam Kashim ya karɓi rediyon da ladabi, ya kashe, ya mayar da batiran cikin tocila. Ya sa aka ɗauki Ba Kaumi zuwa shagon wani mai hatsi, aka tura ƙofa, mutum goma suka cusa kai, ni ma Gana ya shigo da ni riƙe da wuyan rigata. Mallam ya fara manna tocila a tafin hannunsa, ya yi ja. Ya manna a kunnen Gana, ya yi ja.

"Kowace fata haka take yi," ya ce. "Ba wannan ake dubawa ba."

Sannan ya manna a ƙululun Ba Kaumi. Abin ya haskaka gaba ɗayansa, tun daga wannan gefe har wancan, kamar ƙwan fitila.

"Ka gani, Ba Kaumi? Ruwan gaɓa ne, mai yauƙi kamar farin ƙwai, ya sami wata 'yar jaka ya taru. Gobe ka zo likita ya duba da kansa, ya zuƙo shi da allura a tabbatar. Wani lokaci yakan dawo, wani lokaci ya tafi ke nan. Ba wanda zai yanke maka ƙafa a kan wannan."

Ba Kaumi ya kama hannunsa. "Ka rantse?"

"Ko da shi a jikinka za ka iya taka keke."

"Kai Yakaka, ka ji? Ka aika wa Auta kada ya zo."

"Na ji," in ji ta. "To ɗayar fa, Mallam?"

Mallam Kashim ya sosa ƙeya. "Ɗayar ba ta karye ba, amma ƙamus ya yi aikinsa. Bandeji, a ɗora ta kan matashi. Sati biyu ba taka keke."

Kowa a shagon nan ya san kwana nawa suka rage sallah, kuma yawancinsu yadinsu na gidan Ba Kaumi. Na ga idanu suna juyowa kaina ɗaya bayan ɗaya. Na fara ja da baya ina cewa akwai mara lafiya yana jirana a Dogo Nini, amma hannun mahauci ba ya sakin abin da ya kama.

Wasu suka ce a kai ni wurin alƙali. Gana ya ce a bar masa ni minti biyar kawai. Ya Yakaka ta ɗaga hannu.

"Alƙali zai ɗinka muku riga? Mijina hannunsa lafiya, idonsa lafiya. Ƙafa ce babu. Wannan kuwa ga ƙafa, ga hannu, kai ne babu. A haɗa su."

Aka rako ni har Yerimaram kamar ango, Gwaggo a gaba ta karɓe batiranta, kiɗa na tashi. A zauren Ba Kaumi aka gwada in zauna gefensa in miƙa ƙafa, wuri ya ƙi. Sai aka ɗora masa ƙafafu a kan kujera, ni kuma aka tura ni ƙarƙashin keken, a durƙushe, hannuwana biyu a kan feda, kaina na gugar ƙarfe. In ya ce taka in danna, in ya ce tsaya in tsaya. In na makara, ga sandar awo a hannunsa.

Na leƙo na ga tarin yadi a kan tabarma, ya kai ƙirjin mutum. Na ce a raina in na dage kwana biyar na gama.

"Ya Yakaka, duk ɗinkin ke nan ko?"

"Wannan na yara ne," ta ce. "Na manya suna ɗaka."

Ba Kaumi ya gyara zama, ya lashi zare, ya zura a allura.

"Likita," ya ce, "taka."